Sifofin Tsirran Dangin Juncaceae a Yankin Aktik: Bahasi a kan Juncus da Luzula

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi sifofin jinsi biyu na dangin Juncaceae da ke tsirowa a ƙuryar arewacin duniya, da nufin tabbatar da cewa babbar mas'alar da ke gabansu ita ce gajartar lokacin ɗumi da sha'anin ƙasar da suke kafa saiwa a cikinta, kuma jinsin biyu sun raba wannan ƙasa a tsakaninsu gwargwadon laimarta.

Muƙaddima

Wanda ya san aya da jiji a fadama, in aka nuna masa Juncus, la'alla zai ce 'yan ɗaki ɗaya ne, alhali kuwa zumuncin nasu na dangi biyu ne makusanta, domin karan aya kusurwa uku gare shi, furenta kuma ƙwaya ɗaya tak yake haifarwa, shi kuwa Juncus karansa a mulmule yake, ɗansa kwanso ne mai tsagewa gida uku. Malam Linnaeus na ƙasar Suwidin, wanda ya yi tafiyarsa ta Laplan a 1732, shi ya raɗa wa Juncus biglumis da Juncus triglumis suna a littafinsa na 1753. Masanin tsirrai Jussieu ya kafa dangin Juncaceae a 1789. Sa'an nan wani masanin, de Candolle, ya fitar da Luzula daga cikin Juncus a 1805, ya mai da ita jinsi mai zaman kanta. Nau'o'in dangin a duniya duka sun haura ɗari huɗu, amma waɗanda suka kai Aktik kaɗan ne, kuma dukkansu daga jinsin nan biyu suke.

Fasali na farko: fure da 'ya'ya

Furen ƙanƙane ne, busasshe kamar ƙaiƙayi, launinsa daga ruwan ƙasa zuwa baƙi-baƙi, amma duk wanda ya ɗora masa madubin ƙara girma zai ga tsari cikakke, wato ɓawo shida a zagaye biyu, da sandunan namiji shida ko uku, da bakin mace mai rassa uku. Iska ce ke ɗaukar garin barbararsa, wanda ke fita a haɗe hurhuɗu, sau da yawa kuma furen yakan wadatu da garin kansa, abin da yake babbar fa'ida a ƙasar da ƙwari suka yi ƙaranci. Ta wajen kwanso ake rarrabe jinsin biyu ba tare da shubuha ba: na Juncus cike yake da ƙananan iri masu yawa, na Luzula kuwa uku rak. Haka nan ganyen Luzula shimfiɗaɗɗe ne, galibi da farin gashi a gefensa, kubensa kuma a rufe, shi kuwa na Juncus sumul yake.

Fasali na biyu: rabon ƙasa

A nan ne bahasin ya fi daɗi. Ƙasar Aktik daskararriya ce tun daga can ƙasa, sai ɗan samanta ne ke narkewa in ɗumi ya zo, kuma da yake ruwan narkewar ba shi da hanyar nutsewa, sai ya kwanta ya mai da kwaruruka taɓo, a daidai lokacin da tudu mai tsakuwa yake bushewa saboda iska. Juncus ya zo wa taɓon nan da kayan aikin da ya gada daga fadamun duniya, wato hanyoyin iska a cikin kara da saiwa, waɗanda ke kai numfashi inda ruwa ya toshe shi. Juncus arcticus da Juncus castaneus suna shimfiɗa kara a ƙarƙashin ƙasa suna yaɗuwa da shi. Juncus biglumis kuwa, wanda tsawonsa bai cika wuce taƙi ba, kuma ya kai har arewacin Girinlan da tsibirin Ellesmere da Svalbard, yakan zauna a kan taɓo tsirara inda daskarewa da narkewa ke motsa ƙasa, wurin da akasarin tsirrai ba su iya riƙe saiwarsu.

Luzula confusa ita ta ɗauki tudu. Tana tsirowa cunkus kamar tushen gamba, tana riƙe matattun ganyenta na shekarun baya maimakon zubar da su, har wanda bai sani ba ya ɗauka ta mutu. Binciken da Addison da Bliss suka yi a tsibirin King Christian na ƙasar Kanada, wanda aka buga a 1984, ya nuna cewa wannan tarin busasshen ganye yana rage wa tsiron bugun iska, yana tsare masa ɗumi, ta yadda sabon ganye zai ci gaba da haɗa abinci a kwanakin da rana ba ta faɗuwa. A ra'ayina babu sifar da ta kai wannan muhimmanci a jinsin, domin 'yan makonni ne kaɗai tsiron ke da su a shekara, kuma duk ɗumin da ya tsare a jikinsa ƙari ne a kan wa'adin. 

Fasali na uku: sha'anin kuromosom

A 1947 wasu masana na ƙasar Fotugal, Malheiros da de Castro da Câmara, suka gano cewa kuromosom ɗin Luzula, wato ƙunshin gado da ke cikin ƙwayar halitta, ba shi da maɗauri guda a wuri ɗaya kamar yadda aka saba gani, sai dai zaren rabuwa yana kama shi a tsawonsa duka. Natijar haka ita ce, in ya karye, kowane gutsure yana iya bin rabuwar ƙwayar halitta ba tare da ya ɓata ba. Malama Hedda Nordenskiöld ta yi tahaƙiƙin wannan a 1951, ta nuna cewa adadin asali na 12 yakan koma 24 masu rabin girma, ko 48 masu rubu'insa, ba tare da an ƙara kome a kan jimlar gadon ba, alhali a wasu nau'o'in ninkawa ta haƙiƙa ce ke kawo ƙaruwar adadi. Tun da yake an san tsirran Aktik da yawan ninka kuromosom, wajibi ne mai nazarin Luzula ya yi hattara: in ya ƙirga 24 a Luzula nivalis ko 36 a Luzula confusa, kada ya yanke hukunci da ƙidaya kaɗai, sai ya auna girman kowane ɗaya, ya gwada shi da na nau'in da ke da 12.