Cottingham: Tarihin Wani Ƙauye a Gefen Birnin Hull

Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu duba tarihin wani ƙauye na ƙasar Ingila mai suna Cottingham, wanda yake kimanin mil 4 arewa maso yamma da tsakiyar birnin Hull, a lardin Yorkshire ta Gabas. Ƙidayar shekarar 2011 ta nuna cewa mutum 17,164 ne ke zaune a cikinsa, saboda haka ake lissafa shi cikin manyan ƙauyukan Ingila. Tambayar da ta jawo hankalinmu ita ce: me ya sa wuri mai wannan yawan jama'a, mai tashar jirgin ƙasa da babban asibiti da makarantu, har yau yake kiran kansa ƙauye? Abin da muke son nunawa shi ne, a kusan kowane zamani bukatar birnin Hull ce ta tsara wa Cottingham sana'arsa da kamanninsa, amma duk da haka mutanensa sun ƙi yarda birnin ya mulke su. Za mu fara da yanayin ƙasa, sa'an nan mu bi tarihin daki-daki.

Yanayin Ƙasa

Cottingham yana zaune ne a mahaɗar ƙasa iri biyu. Daga yamma akwai tuddan alli da ake kira Wolds, daga gabas kuwa akwai kwarin kogin Hull, wanda a dā fadama ce mai kwanciyar ruwa. Idan aka yi ruwan sama a kan tudu, sai allin ya shanye shi, ya bi ta ƙarƙashin ƙasa, ya ɓullo a gindin tudun a matsayin marmaro. A daidai wannan gindin tudu aka kafa ƙauyen, inda mutum zai sami ruwa mai daɗi, ya yi noma a tudu, ya yi kiwo da su a fadama. Birnin Hull bai sami wannan gata ba, domin an gina shi a ƙasa mai kwari a bakin mashigin Humber, inda ruwan teku ke shigowa ya gauraya da na kogi. Wannan bambanci shi ne tushen yawancin abin da ya gudana tsakanin wuraren biyu.

Asali da Zamanin Iyayen Ƙasa

Masana sun fassara sunan Cottingham daga tsohon Ingilishi da cewa "mazaunin mutanen Cotta". An ambace shi a kundin Domesday na shekarar 1086, wato kundin da Sarki William na Ɗaya ya sa aka rubuta don sanin dukiyar ƙasarsa, kuma a ciki an nuna yana da gonaki da injin niƙa da wuraren su. A lokacin babu birnin Hull. Sai wajen ƙarshen ƙarni na 12 sufayen Kirista na gidan ibadar Meaux suka kafa wata tashar ruwa don fitar da ulu, wadda Sarki Edward na Ɗaya ya karɓa a 1293, ya kuma ba ta takardar 'yancin gari a 1299. Ashe ke nan ƙauyen ya girmi birnin da yake fakewa a gefensa yau.

A wannan zamani ƙasar Cottingham tana hannun manyan iyayen ƙasa ne. Zuriyar Stuteville suka fara yin fice, har Sarki John ya ba William de Stuteville izinin kewaye gidansa da ganuwa a 1201. Wannan gida shi ne aka sani da Baynard, kuma har yanzu ana ganin alamun ganuwarsa a yammacin tsakiyar ƙauyen. Daga baya ƙasar ta koma ga zuriyar Wake ta hanyar aure. Thomas Wake ya kafa wani gidan sufaye a nan cikin shekarun 1320, ba da jimawa ba aka mai da shi Haltemprice, kudu da ƙauyen, inda ya zauna har aka rufe shi a 1536 zamanin Sarki Henry na Takwas. Cocin Maryamu da ke kan titin Hallgate, wanda yawancin gininsa na ƙarni na 14 ne, shi ne babban abin da ya rage a tsaye daga wancan lokaci. Ya kamata mu lura cewa iyakar gundumar Cottingham ta dā ta miƙa gabas har bakin kogin Hull, ta haɗa da Newland da Dunswell.

Rikicin Ruwa

Da Hull ya bunƙasa, sai ƙishirwa ta dame shi. A ƙarshen ƙarni na 14 da farkon na 15 mutanen birnin suka nemi haƙa magudana don jawo ruwan marmaro daga ƙauyukan yamma. Mutanen ƙauyukan, har da na Cottingham da Anlaby, ba su amince ba, domin suna ganin za a raba su da ruwan gonakinsu da dabbobinsu. Tarihin birnin ya kawo labarin yadda aka riƙa fasa magudanar da gurɓata ruwan, aka yi ta kai ƙara gaban hukuma. A ƙarshe birni ya yi rinjaye, kamar yadda mai ƙarfi ya saba. Wajen ƙarshen ƙarni na 19 kuma aka haƙa rijiyoyi masu zurfi a cikin allin, aka kafa injunan tura ruwa a ƙasar Cottingham don shayar da Hull. Yawan zuƙar ruwan ya sa ruwan ƙasa ya yi nisa, marmaro da yawa suka raunana. A nan za mu ga misali na farko na yadda ƙauyen ya zama rumbun birni.

Attajirai, Jirgin Ƙasa da Lambu

A ƙarni na 18 da farkon na 19 fataucin teku ya azurta 'yan kasuwar Hull, musamman masu ciniki da ƙasashen tekun Baltik. Da yake birnin ya cika da cunkoso da hayaƙi, sai masu hali suka fara gina manyan gidaje da lambuna a Cottingham. Daga cikinsu akwai Thomas Thompson, ma'aikacin banki kuma ɗan majalisa, wanda ya gina wani gida mai siffar fada a kan tudun yamma wajen 1816. Ɗansa, Thomas Perronet Thompson, ya riƙe gwamnan Saliyo daga 1808 zuwa 1810. Gidan ya ƙone a 1861, amma wata hasumiya da aka gina a harabarsa tana nan.

A 1846 aka buɗe hanyar jirgin ƙasa daga Hull zuwa Bridlington, aka yi tasha a Cottingham. Daga nan ba sai attajiri mai keken doki kaɗai zai iya kwana a ƙauye ya yi aiki a birni ba, akawu da malami ma suna iyawa. Haka kuma ƙauyen ya shahara da noman lambu don kasuwannin Hull. A shekarun 1930, bayan da Birtaniya ta ɗora kuɗin fito a kan kayan lambu na waje, wasu manoma 'yan ƙasar Holan suka ƙauro yankin da dabararsu ta noma cikin rumfunan gilashi, wadda ta ba da damar samun tumatir da latas da kokwamba duk da sanyin ƙasar.

Asibiti da Jami'a

A ƙarni na 20 birni ya zo da wasu bukatu biyu. Ta farko ita ce wurin jinya. A 1916 aka buɗe gidan jinyar masu tarin fuka a filin tsohon gidan Thompson, saboda likitocin lokacin suna ganin iskar tudu magani ce. Wannan wuri shi ya zama asibitin Castle Hill, wanda a 2008 aka buɗe masa babban sashen kula da masu ciwon daji da cututtukan jini. Ta biyu ita ce masaukin ɗalibai. Da aka kafa kwalejin jami'a a Hull a 1927, sai ta sayi wasu daga cikin tsofaffin gidajen attajirai, irin su Thwaite, ta mai da su ɗakunan kwana. A shekarun 1960 ta ƙara gina wasu a wurin da ake kira Lawns. Mawaƙin nan Philip Larkin, wanda ya shugabanci laburaren jami'ar daga 1955, a maƙabartar Cottingham aka binne shi a 1985. Amma tsakanin 2016 da 2019 jami'ar ta rufe waɗannan masaukai ta tattara ɗalibanta kusa da harabarta a cikin birni, masu kantuna da masu gidajen abinci na ƙauyen suka rasa abokan ciniki. Wannan ya nuna cewa abin da birni ya bayar, birni na iya karɓewa.

A yau tsakiyar ƙauyen tana kan titunan Hallgate da King Street da Northgate, inda kantuna suke. Ana cin kasuwa ran Alhamis. Akwai makarantun firamare da makarantar sakandare, da laburare, da filayen wasa.

Batun Iyaka

Mu koma ga tambayarmu ta farko. Tun daga 1882 Hull ya riƙa faɗaɗa iyakarsa yana gutsurar ƙasar Cottingham ta gabas. Newland ta shige birni, daga baya kuma aka gina unguwanni irin su Orchard Park a tsohuwar ƙasar gundumar. Amma zuciyar ƙauyen ba ta taɓa shiga ba. A 1894 ya sami majalisarsa, a 1935 aka haɗa shi da maƙwabtansa cikin gundumar Haltemprice, a 1974 ya shiga lardin Humberside, a 1996 kuma ya koma ƙarƙashin hukumar Yorkshire ta Gabas. A 2014, da Hull ya sake tayar da maganar iyaka, hukumar lardin ta shirya ƙuri'ar jin ra'ayi a yankunan da ke kewaye da birnin, fiye da kashi 96 cikin 100 na waɗanda suka jefa ƙuri'a suka ce ba su yarda ba.

Kowane ɓangare yana da hujjarsa. Masu goyon bayan birni suna cewa mutane da yawa masu albashi mai tsoka suna aiki a Hull, suna amfani da titunansa, amma harajin gidajensu wata hukuma suke biya wa, aka bar birni da nauyin talakawa. Mutanen ƙauyukan kuwa suna tsoron a cike filayen da suka raba su da birni da gine-gine, muryarsu kuma ta ɓace cikin jama'a fiye da 260,000.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za mu fahimci cewa kalmar "ƙauye" a bakin mutanen Cottingham ta daina nufin ƙarancin jama'a ko rayuwar noma. Garkuwa ce da suke kare ikon mulkin kansu da ita. Sai dai akwai abin da bai san iyakar hukuma ba. A watan Yuni na 2007 ruwan sama mai yawa ya gangaro daga tuddan alli, ya mamaye gidaje a Cottingham da Hull baki ɗaya. Tafkunan tare ruwa da aka haƙa daga baya an yi su ne don kare Cottingham da unguwar Orchard Park ta cikin birni tare. Ruwan da ya haɗa su faɗa shekaru 600 da suka wuce shi ne ya tilasta musu haɗa kai. Muna ganin duk mai nazarin dangantakar birni da ƙauyukan gefensa zai amfana idan ya fara da tambayar inda ruwa yake fitowa da inda yake kwarara, kafin ya duba inda hukuma ta ja layi a taswira.