Daga Ishbiliya Zuwa Rigasa: Tarihin Ciyar da Wanda Haɗiya Ta Gagara



Ya ɗan uwa mai karatu, abin da ya sa na ɗauki alƙalami a yau shi ne wani dattijo maƙwabcinmu a nan Rigasa, wanda hawan jini ya jawo masa shanyewar ɓarin jiki. Saboda tsananin tausayi, iyalansa suka riƙa ɗura masa ruwa da rubutu yana kwance, yana tari, su kuwa suna cewa sai ya daure. Ba a rufa mako ba zazzaɓi ya rufe shi, likita ya ce abin da ake ba shi huhu yake tafiya. Allah Ya tashi kafaɗunsa, amma da ƙyar.

Wannan ya mayar da ni ga tarihi, sai na tarar magabatanmu ba su ɗauki haɗiya da wasa ba. Tirmizi da Ibn Majah sun ruwaito hadisin da ya hana tilasta wa marasa lafiya ci da sha. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya yi bayanin wannan ciwo a littafinsa Al-Ƙanun, ƙarƙashin sunayen sakta da falij. Sannan a Ishbiliya ta ƙasar Andalus aka yi likita Ibn Zuhr, abokin Ibn Rushd, wanda ya rasu a 1162. A cikin littafinsa At-Taisir ya siffanta yadda ake zura bututun azurfa a maƙogwaron wanda haɗiya ta gagara, a zuba masa abinci mai ruwa. Ka ga ke nan robar da ake sa wa majinyata ta hanci a yau, wadda wasunmu ke gudu suna cewa alamar mutuwa ce, tana da asali a wurin likitocin Musulmi.

Bayan ƙarnoni, sai masu gyaran magana suka ɗauki wannan fanni, domin gaɓoɓin da muke furuci da su, wato leɓe da harshe da maƙoshi, su ne dai muke haɗiya da su. A 1983 wata malama a Amurka, Jeri Logemann, ta fitar da littafin da ya zama ginshiƙin fannin. Ana ɗaukar hoton haɗiyar majinyaci, a ga inda abincin ke kaucewa, sannan a koya masa motsa harshe da yanayin zama, a kuma zaɓa masa kaurin abincin da ya dace da shi. Kimanin rabin waɗanda ciwon ya kama suna samun wannan matsala a kwanakin farko, amma mafi yawansu haɗiyar tana dawowa cikin makonni. Abin tsoron shi ne, wani ruwa zai bi masa ta hanyar iska ba tare da ya yi tari ba.

Don haka ya 'yan uwana matasa, mu ne ke jinyar iyayenmu. Kada a ba su komai ta baki sai likita ya gwada haɗiyarsu. Idan an yarda, a zaunar da su tsaye, a ba su kaɗan kaɗan, a tsabtace musu baki. Addu'a kuwa, tofi ya wadatar, ba sai an ɗura ba. Tausayin da babu ilimi a cikinsa yakan zama cuta.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Wallahu a'alam.