Tafi da Fuska: Tarihin Takalmin da Ake Sauya wa Sassa a Ƙasar Sakkwato

Takalmin gargajiya na ƙasar Hausa abu biyu ne aka haɗa: tafi, wanda ke taka ƙasa, da fuska, wadda ke riƙe ƙafa. Ba da fata ɗaya ake yin su ba, kuma ba lokaci ɗaya suke mutuwa ba. Tafi daga ƙirgin sa ake yanko shi, mai kauri da tauri, wani lokaci a ninka shi biyu ko uku a ɗinke. Fuska kuwa fatar akuya ce ko ta tunkiya, mai laushi, wadda ke karɓar rini da ado. Saboda wannan gini, cire wani sashe a sa sabo a bar sauran ya zama ɗabi'ar dukanci tun asali, tun kafin kamfanonin Turai da Amurka su fara tallar takalmi mai sassan cirewa a matsayin sabuwar fasaha.

Kudancin jihar Sakkwato wuri ne da ya dace a duba wannan tarihi. Dogon Daji tana cikin ƙaramar hukumar Tambuwal, a kan hanyar da ta taso daga Sakkwato ta nufi Jega, kuma ƙasar Kebbe na maƙwabtaka da yankin. Bayan jihadi, Tambuwal ta zama ribaɗi a hannun Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu, tana tsare iyakar daular Sakkwato daga ɓangaren Kabawa. Gidan sarautar Dogon Daji, mai riƙe da sarautar Sarkin Yamma, daga zuriyar Buharin yake, kuma a nan aka haifi Ibrahim Dasuki a 1923, wanda ya yi Sarkin Musulmi daga 1988 zuwa 1996. Garin ribaɗi da ke bakin hanyar fatauci yana tara ƙafafu iri-iri: ta barde mai hawa, ta malami mai zuwa masallaci sau biyar, ta farke mai tafiyar watanni, da ta makiyayi mai ratsa ƙaya. Kowace da abin da take nema a wurin baduku.

Sana'ar ta girmi daular. Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, a littafinsa kan Afirka da aka buga a 1550, ya ambaci masu yin takalma a Gobir, ya ce ana kai kayansu Tumbuktu da Gawo. Tarihin Kano ya lissafa takalmin gashin jimina cikin abubuwan da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya shigo da su fada. Da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar bayan tufafi babu kayan sana'ar gida da ke tafiya nesa kamar takalma. Ya ƙiyasta cinikinsu a kan wuri miliyan 10 a shekara, ya ce mafi kyawu, wanda ake kira taka-saraki, wuri 200 ne kawai. Ko da a ce duk irin na sarakin ne, ƙafa 50,000 ke nan a shekara, kuma tun da yawancinsu ba su kai wannan kuɗi ba, adadin ya zarce haka nesa. Daga kudancin Sakkwato kuwa, a wancan zamani, ayarin fatake masu bi ta Jega zuwa Gwanja kan ɗauki kayan fata tare da tufafi da kanwa, su komo da goro.

Abin da ya ɗaga darajar fuska shi ne jar akuyar Sakkwato, wadda a Nijar ake danganta ta da Maraɗi. Fatarta ba ta da kauri amma tana da ƙarfi, tana lanƙwasuwa ba ta tsagewa. Ita ce a da ake ɗauka a raƙuma a ƙetare Sahara, ta isa Turai ta tashoshin Arewacin Afirka, har masu ɗaure littattafai a Ingila suka san ta da sunan fatar Maroko alhali a ƙasar Hausa aka jeme ta. Majemi ne ke fara aiki: ya jiƙa fata a ruwan toka don gashi ya saki, ya kankare, ya tsoma ta a ruwan bagaruwa har ta jemu, ya shafe ta da mai, ya murza. Ja daga karan dafi ake samunsa, rawaya daga gangamau, baƙi daga kuloko. Sai fatar ta bar hannun majemi ta shiga na baduku. A birnin Sakkwato shiyar Maɗunka ta yi suna da wannan aiki, a Kano kuma akwai unguwar Dukawa da majemar Ƙofar Wambai. Rabon aiki tsakanin mai jima, mai rini, mai ado da mai haɗawa shi kansa ya taimaka wajen zaman takalmi sassa-sassa, domin kowane sashe yana iya kammaluwa a hannu dabam kafin a haɗa.

Yadda ake haɗin ne ya sa sauyi ke da sauƙi. Baduku kan huda tafi a gaba, daidai tsakanin babban yatsa da mai bi masa, ya zura hancin takalmi ya ƙulle ko ya ɗinke shi a tsakanin ninkin fata. A gefe biyu, kusa da dunduniya, yakan bar 'yan kunnuwa ko ya tsaga gurbi inda ƙarshen maɗauri zai shiga. Wurare uku ke nan kacal da fuska ke kama tafi. Babu gam, babu ƙusa. Basilla ce da zaren fata. Idan hanci ya tsinke, wanda shi ne ya fi yawan tsinkewa, ana warware ɗinkin wuri ɗaya a sa sabo. Idan tafi ya cinye ta dunduniya, a ɓare ninkin ƙasa a ɗinka wani. Idan kuma fuska ce mai tsada, wadda aka yi wa aikin alharini ko aka yi mata yankan ado da fata kore a kan ja, mai ita ba ya yarda ta bi mataccen tafi zuwa juji. A kan kwance ta a ɗora a kan sabo. Farke da ke tsakiyar daji ba ya jiran baduku, yakan riƙe guntun tsirkiyar fata a burgamensa ya gyara da kansa a zango.

Hanya ta biyu ta sauyi ita ce sa takalmi a kan takalmi, kuma a nan fiƙihu ya shigo. Huffi safar fata ce mai laushi da ke rufe idon sawu. A mazhabar Malikiyya, wadda malaman ƙasar nan ke karantarwa daga Risala da Muhtasar, wanda ya sa huffi bayan cikakkiyar alwala yana iya shafa a kansa maimakon wanke ƙafa, in dai na fata ne, ɗinkakke, mai rufe wurin farilla, kuma mazhabar ba ta ƙayyade kwanaki ba. Saboda haka malami ko dattijo, musamman a hunturu, kan sa huffi a ciki, ya ɗora takalmi buɗaɗɗe a waje. A ƙofar masallaci ya tuɓe na waje, wanda ya taki ƙasar titi, ya shiga da na ciki. Takalmi ɗaya ne mai hawa biyu, kowane hawa da hukuncinsa.

Mahaya ma haka. Dogon takalmin hawa, mai kaiwa gwiwa ko ya wuce, fata ce mai laushi da aka yi don likkafa da kare ƙwauri daga ƙaya, ba don takawa a ƙasa ba. In barde ya sauka yakan zura ƙafarsa da shi a cikin wani takalmin mai tafi. Ƙaimi kuma ɗaura shi ake yi a dunduniya a kwance in an gama hawa. Wani abin lura shi ne Muhtasar na Halilu, da ya hana shafa a kan huffin da wani abu kamar taɓo ya rufe, ya keɓe ƙaimi ya yi masa rangwame, don kada a wahalar da matafiyi mai hawa. Wato masu fiƙihu sun san da ƙarin da ake ɗaura wa takalmi, har sun yanke masa hukunci, ƙarnoni kafin a gina Tambuwal.

Damina kan kawo nata sauyin. Ruwa maƙiyin ƙirgi ne, yana jiƙa shi ya saki, in ya bushe ya ƙandare. Don haka ake ajiye na fata a ɗauko dangarafai, takalmin itace mai tudu da masassaƙi ke fafewa. Itacen yana shekaru, igiyar da ke kansa ce ake sabuntawa duk sa'ad da ta ruɓe.

Sauyi don ado da nuna matsayi, wanda shi ne ya fi kusa da abin da ake kira yayi a yau, a fuska yake zaune. Tafin basarake da na talaka ba su da wani babban bambanci, dukansu ƙirgi ne. Abin da ke sama ne ke faɗin ko wane ne mai ƙafar: yawan aikin allura, alharinin da a da ake kawowa ta Tarabulus, faɗin maɗauri, ko gashin jimina wanda a Kano ya zama na sarki. Amma a nan ya kamata a yi hattara da kwatance. A zamanin da, mutum bai sauya fuskar takalminsa da safe ya sake sauya ta da yamma don ta dace da riga ba. Sauyin na salla ne, ko naɗi, ko aure, kuma ta hannun baduku yake bi. Al'adar tuɓe takalmi a gaban sarki, malami da suruki ita ma ta yi tasiri a kan siffa, domin takalmin da za a cire sau goma a yini dole ya zama mai saurin zarewa, shi ya sa maɗauri mai ƙulli bai samu karɓuwa kamar buɗaɗɗen baya ba.

Zuwan Turawa, waɗanda suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, ya juya akalar fata. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, kuma kamfanoni irin su John Holt da UAC suka shiga sayen ɗanyar fata suna turawa teku. Gwamnati ta sa malaman fata suna koya wa mahauta fiɗa ba tare da huda ba da shanya a inuwa. Ingancin fata ya ƙaru, amma mafi kyawunta ta daina tsayawa a hannun majemin gida. Galura ta kanti ta ture karan dafi a wurare da yawa. Kamfanin Bata, wanda ya fara ciniki a Najeriya a 1932, ya yaɗa takalmi sau-ciki ga 'yan makaranta da ma'aikata, har sunansa ya zama sunan wata mahaɗa a bakin Sabon Garin Kano. Shi sau-ciki da gam da inji ake haɗa shi, ba a yi shi don a kwance ba.

Duk da haka tsohon gini bai ɓace ba, kayan ne suka sauya. Da motoci suka yawaita, tsohuwar taya ta maye gurbin ƙirgi a ƙafar manomi da makiyayi: a yanko tafi daga bayanta, maɗauri daga wani sashenta, a kafa da ƙananan ƙusoshi. Irin wannan tafi yana cinye maɗauri da yawa kafin ya gaji. Silifas na soso ya zo da ramuka uku a daidai wuraren da baduku ke hudawa, kuma maɗaurinsa zarewa yake da hannu, ana sayar da shi dabam, in kan hancin ya guntule a tare shi da ƙusa ko waya ta ƙasa. Wanda ya karya tsarin da gaske shi ne takalmin roba na zubi, irin wanda Fulani makiyaya suka runguma saboda ruwa da raɓa. Guda ɗaya ake zuba shi, babu tafi dabam babu fuska dabam, gyaransa sai liƙi da wuƙa mai zafi.

A wasu ƙasashe ma dabarar daɗaɗɗiya ce. Takalmin itace na Japan, geta, ramuka uku gare shi, kuma ana sauya igiyarsa ta yadi in ta tsufa ko in ana son wani launi. Silifas na roba daga ɗan'uwansa zori ya samo siffa. A wasan ƙarshe na cin kofin duniya na 1954 a Bern, 'yan wasan Jamus ta Yamma sun sa takalman Adidas masu haƙoran da ake murɗawa a cire, aka sa musu dogaye saboda ruwan sama, suka doke Hangare da ci 3 da 2. A 2006 kamfanin Crocs ya sayi Jibbitz, mai yin 'yan kayan ado da ake cusawa a ramukan takalmin a cire yadda aka ga dama. Bambancin waɗannan da na baduku ɗaya ne mai muhimmanci: sassan kamfani da na kamfanin kaɗai suke shiga, in ya daina yin su takalmin ya tashi aiki, alhali fuskar da aka ɗinka a Sakkwato kowane baduku a Jega ko Gwanja yana iya ɗora ta a kan tafin da ya yanka.

A yau aikin sauyin ya rabu gida biyu. Akwai shumeka mai yawo da akwati yana ƙwanƙwasawa, da mai rumfa a kasuwar mako, waɗanda ke ɗinke hanci, su ƙara dunduniya, su sauya tafi. Akwai kuma matasa masu haɗa sababbin takalma a Sakkwato da Kano, waɗanda ke sayen tafin roba ko na soso da aka riga aka zuba a masana'anta, su yanka fuska su ɗora. A wurinsu mai saye kan zaɓi tafi dabam, fuska dabam, ya kuma dawo da tsohon tafi a sake masa fuska in salla ta matso. Mata kan kai ragowar atamfa ko leshi a lulluɓe fuskar takalmi da jaka don su dace da ankon biki. Cibiyar koyar da fasahar fata da ke Samaru, Zariya, tana horar da masu wannan aiki. Babbar matsalarsu fata ce: mafi kyawun ta akuya manyan majemun Kano ke saye su fitar waje, ƙirgin sa kuma kasuwar ganda na cinye kaso mai yawa, don haka fuskar da a da jar akuya ce yanzu sau da yawa fatar roba ce da ake shigowa da ita daga Sin.