John Maynard Smith: Injiniyan da Ya Shigar da Lissafi Cikin Nazarin Halittu

John Maynard Smith masanin kimiyyar halittu ne ɗan ƙasar Birtaniya, wanda ya yi fice wajen amfani da lissafi domin fayyace halayyar dabbobi. An haife shi a Landan ranar 6 ga Janairu, 1920, ya kuma rasu ranar 19 ga Afrilu, 2004.

Da fari injiniyanci ya karanta a Jami'ar Kambirij, sannan ya yi aikin ƙirar jiragen sama a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Bayan yaƙin ya koma karatu a Landan, inda ya nazarci ilimin gadon halitta a hannun fitaccen masani J.B.S. Haldane. A shekarar 1965 ya zama shugaban farko na tsangayar kimiyyar halittu a Jami'ar Sussex.

Tambayar da ta fito da sunansa ita ce: me ya sa dabbobi 'yan jinsi ɗaya, masu ƙaho ko fiƙa, sukan tsaya ga barazana maimakon su kashe juna? Masana da dama sun ɗauka cewa suna yin haka ne domin amfanin jinsinsu baki ɗaya. A 1973, shi da George Price suka wallafa maƙala a mujallar Nature, suka nuna cewa ribar kowace dabba ita kaɗai ta isa ta haifar da wannan kamun kai. Sun dogara ne da lissafin dabarun gasa, fannin da masana tattalin arziki suka fara cin moriyarsa.

Misalin da ya fi shahara shi ne na shaho da kurciya. Shaho yakan yi faɗa har sai ya yi nasara ko ya ji rauni, ita kuwa kurciya takan ja da baya. A cikin taron kurciyoyi, shaho ɗaya zai cinye komai. Amma idan shahuna suka yawaita, kuma asarar rauni ta zarce abin da ake faɗa a kansa, sai kurciya ta fi riba. Don haka al'ummar takan daidaita a kan wani rabo na halayen biyu, wanda babu wata sabuwar dabara da za ta iya rushe shi.

Ya tattara wannan tunani a littafinsa na 1982, Evolution and the Theory of Games. An karrama shi da lambar yabo ta Crafoord a 1999, da ta Kyoto a 2001. Har yau ana amfani da tsarinsa wajen nazarin gasa da haɗin kai tsakanin dabbobi, tsirrai da ƙwayoyin cuta.