Daga Murar 1918 Zuwa Korona

A Satumban 1918 jirgin ruwa ya kawo mura mai kisa Legas. Jama'a suka tsorata, kowa ya nufi garinsu, cutar ta bi layin dogo har Kano. Dubban ɗaruruwa suka rasu a Najeriya.

Ita na tuna ranar 30 ga Maris 2020 da aka kulle Legas, masallatanmu na Agege a rufe, daga baya aka ce a sa takunkumi. Mun sha wuya, don mai neman na yau ba shi da ajiya. Amma fa cuta ba ta da ƙafa, mu ne ƙafarta. Sayyidina Umar ma ya juyo daga hanyar Sham saboda annoba.

In ta dawo, Allah Ya kiyaye, mu zauna gida, mai hali ya ciyar da maƙwabcinsa.