Daga Mai Masauki Zuwa Fuskar Waya: Tarihin Tafinta a Parakou da Djougou

Duk Bahaushen da ya sauka Parakou, a arewacin Jamhuriyar Benin, sunaye biyu ne za su fara kama masa kunne. Na farko Arzèkè, babbar kasuwar garin. Na biyu Albarika, unguwar da Jami'ar Parakou take, wadda aka kafa a 2001. Arziki da albarka ke nan, kalmomin da fatauci da Musulunci suka kawo yankin tun kafin Bature ya taka ƙasar. A Albarika a yau akwai matasa masu koyon ƙirar manhajar waya, a Arzèkè kuma akwai waɗanda ake sa ran za su yi amfani da ita. Tazarar da ke tsakanin wuraren biyu ba ta da yawa a kan babur, amma a kan fuskar waya tana da nisa. Tarihin wannan tazara nake so in bi, domin a ganina matsalar da masu zanen manhaja ke fama da ita yau, garuruwan nan sun taɓa warware irinta a wani zamani.

Zamanin ayari

A ƙarni na 19, ayarin fatake kan tashi daga Kano da Sakkwato ya nufi Gwanja sayen goro. Bayan an haye Kwara sai a shiga ƙasar Bargu, a bi ta Nikki, a yada zango a Parakou ko Djougou, daga nan a yi yamma har Salaga. Ana ɗauke da kanwa, da jar fata, da baƙaƙen rini irin na Kura. Madugu ne shugaban tafiya, jagaba yana gaba, uban dawaki yana kula da biyan fito ga sarakunan hanya. Masanin tarihi Paul Lovejoy ya yi littafi guda a kan wannan fatauci a 1980.

Bafataken da ya iso Djougou yakan tarar da kasuwar da ake Dandanci, ana Yom, ana Fulatanci, ga Barganci a Parakou. Hausawa na cewa baƙo ko da ido makaho ne. Wanda ke zame masa ido shi ne mai masauki a zango. Shi zai sauke shi, ya adana masa kaya, ya nemo mai saye, ya tsaya tsakani.

Abubuwa huɗu na lura da su a aikin mai masauki. Yana magana da baƙo da harshen da baƙon ke ji. Inda aka bar shi bara, nan za a same shi bana. Yana ƙirga wuri a gaban idon mai kaya, tsibi tsibi, har a cika keso, wato wuri 20,000. Idan kuma aka yi kuskure ko aka ci amana, akwai wanda za a kama, domin sunansa da gidansa ne jingina. Da waɗannan huɗun nake auna kowace manhaja da ta shiga hannuna.

Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya tarwatsa kasuwar, Faransawa suka kafa mulkinsu a Dahomey a 1894, layin dogo daga Kwatano ya iso Parakou a shekarun 1930. Ayari ya mutu, amma buƙatar tafinta ta ƙaru, domin an sami sabon harshe da ya hau kan sauran: Faransanci, harshen ofis da takarda. Mai rubuta wasiƙa a bakin gidan waya ya gaji wani yanki na aikin mai masauki.

Wayar madanni da haruffa masu lanƙwasa

Wayar salula ta shiga Benin a wajajen shekarar 2000. Wayoyin farko da suka cika hannun jama'a irin su Nokia 3310 ne, sai Nokia 1100 ta 2003 mai tocila a ka. Fuskarsu ƙarama ce, ba launi, amma suna da wata falala da aka raina: madanninsu ba sa kaura. Wanda bai iya karatu ba yakan haddace hanya da yatsa, dama sau biyu, ƙasa sau uku, sannan tsakiya. Lambar ɗan'uwa kuma a gane ta da alƙaluma biyu na ƙarshe. Sharaɗi na biyu na mai masauki ya cika ke nan.

Sharaɗi na farko ne ya faɗi. Hausar boko tana da ɓ, ɗ da ƙ, waɗanda aka tsayar a Zariya a ƙarshen shekarun 1930, zamanin Rupert East da Hukumar Talifi, aka kuma ci gaba da su a jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a 1939. Benin ma ta tsayar da haruffan rubuta harsunanta na gida a 1975. Tsarin Unicode ya ba wa haruffanmu gurbi tun 1991. Sai dai tsarin saƙon tes na GSM an gina shi ne a kan haruffan harsunan yammacin Turai. Saƙo ɗaya yana ɗaukar harafi 160, amma da zarar an saka harafin da ba ya cikin wancan jeri, kamar ƙ, sai ya koma 70 kacal. Madannin wayar ma ba su da shi. Haka mutane suka saba rubuta baki a maimakon baƙi, kasa a maimakon ƙasa, karya a maimakon ƙarya. Yau akwai allon rubutu irin Gboard mai haruffan Hausa, amma sabon da aka yi ya riga ya kama jiki. Shawarar da injiniyoyi suka yanke a Turai ta sauya yadda 'ya'yanmu ke rubuta harshensu.

Akwai kamfanin da ya kalli kasuwa kafin ya yi zane. Transsion na ƙasar Sin, mai Tecno da Itel, wanda aka kafa a 2006, ya lura cewa mutane na yawo da layi fiye da ɗaya saboda tsadar kira daga wannan kamfani zuwa wancan. Ya fito da waya mai sim biyu, da batir mai jure rashin wuta, da kyamarar da aka daidaita don baƙar fata. A Benin darajar layi biyu ta fito fili a 2007, lokacin da gwamnati ta rufe layukan MTN da Moov na tsawon makonni saboda rikicin kuɗin lasisi.

Kuɗi ya shiga waya

A watan Maris na 2007 Safaricom ta fara M-Pesa a Kenya, aka ga cewa ƙaramar waya na iya zama asusu. MTN ta kawo irin wannan Benin a wajajen 2010, Moov ta biyo baya, Celtiis ta shigo kasuwa a 2022. Yawancin ma'amalar ana yin ta ne da lambobin USSD: ka danna *880# a MTN ko *855# a Moov, jeri ya fito, ka zaɓi lamba, wani jerin ya sake fitowa. Kowane shafi ba ya wuce harafi 182, kuma idan ka yi jinkiri zaman ya yanke, sai ka faro daga farko. Jerin da Faransanci yake, a ƙasar da manya da yawa ba su iya karatu ba.

Akwai kuma matsalar lissafi, wadda ban cika jin masu zane suna ambata ba. Bahaushen ƙasar sefa ba da faran yake ƙirga kuɗi ba, da dala yake ƙirgawa, dala ɗaya kuwa faran 5 ce. Abin da waya ta rubuta 500, shi dala ɗari ya sani. Abin da ta rubuta 1,000, jaka ce a wurinsa. Mai goron da aka ce wa ta tura dala ɗari biyu, dole ta ninka da biyar a ka, ta rubuta 1000, ta tabbatar ba ta ƙara sifiri ba, duk kafin zaman ya yanke. Sifiri ɗaya ne tsakanin jaka biyar da jaka hamsin, wato tsakanin cinikin yini da jarin wata.

To me jama'a suka yi? Sun koma ga abin da kakanninsu suka sani, sun nemi mutum. 'Yan rumfunan tura kuɗi da suka cika bakin titunan Parakou da Djougou, ƙananan hukumomin da ƙidayar 2013 ta ba kowannensu mutum fiye da 250,000, su ne masu masaukin zamani. Da yawansu mutanen kirki ne. Amma akwai farashin da ba a rubuta a allon rumfa. Na sha ganin dattijuwa ta miƙa wayarta ta faɗi lambar sirrinta da baki, mutane na tsaye a layi suna ji. Matar da ke tara ɗan abin da ta samu ba tare da sanin kowa ba, yanzu yaron maƙwabta ya san nawa take da shi. Mai masaukin da yana da gida da suna a zango. Yaron da aka roƙa a tasha ya taimaka, gobe babu wanda ya san inda yake.

Wayar shafa da gumakanta

iPhone ta fito a 2007, Android a 2008, madanni suka koma zane a kan gilashi. Da farko an riƙa zana su da inuwa da tudu, kamar abin da za a iya dannawa. A 2013 Apple ta koma shimfiɗaɗɗen zane, Google ta fito da nata tsarin a 2014. Ido ya sami sarari, amma sabon shiga ya rasa abin da ke nuna masa ina ake taɓawa. Ga alamomin da aka gada daga ofisoshin Amurka: ambulan, gilashin ƙara girman rubutu, keken sayayya na kanti, da layuka uku a kwance da aka fara zanawa don kwamfutar Xerox Star a farkon shekarun 1980. Wace mai sayar da doya ce a Arzèkè ta taɓa tura keken kanti? Kuma kowane sabuntawa na iya ɗauke madanni daga kusurwar da yatsa ya haddace, kamar ka dawo zango ka tarar mai masaukinka ya tashi ba sallama.

Masu bincike sun ga wannan tun da wuri. Indrani Medhi da abokan aikinta a cibiyar binciken Microsoft da ke Bangalore a Indiya sun fara gwada fuskar manhaja marar rubutu a wajajen 2006. A gwajin da suka yi na tura kuɗi, babu ko ɗaya cikin marasa karatu da ya kammala aikin da jerin rubutu, amma da aka haɗa zane da murya abin ya yiwu. Sun kuma gano cewa jeri cikin jeri yana ɓatar da mutane.

Hujja mafi ƙarfi a wurina ita ce saƙon murya na WhatsApp, wanda aka ƙara a 2013. Alama ɗaya ce, ka danne ka yi magana, ka saki ya tafi. Babu wanda ya fassara shi zuwa Dandanci ko Barganci, amma da su ake ciniki a cikinsa kullum. Google Translate ta saka Hausa a 2013, Facebook ya sami Hausa a 2016, duk abin yabo ne. Sai dai fassarar rubutu mai karatu take yi wa amfani, murya kuwa ta kowa ce.

A ranar 30 ga Nuwamba 2024 hukumar sadarwa ta ARCEP ta mayar da lambobin wayar Benin daga alƙaluma 8 zuwa 10, aka ƙara 01 a gaban kowace. Nan da nan aka ga manhajoji masu gyara jerin lambobin waya a taɓawa ɗaya. Wannan ya nuna mini cewa gwaninta akwai ta. Matsalar da ta shafi mai zane da kansa, cikin makonni ake magance ta. Ta mai goro kuwa ta shekara fiye da goma tana jira.

Abin da nake roƙon 'yan Albarika

Ƙannena masu wannan sana'a, ƙa'idojin littafi ku riƙe su. Madanni kada ya gaza ma'auni 48 da Google ta shawarta, bambancin hasken rubutu da bango ya kai 4.5 bisa 1, domin a tsakar rana ake duba waya a kasuwa, sau da yawa gilashinta a tsage. Amma ku ɗora sharuɗɗan mai masauki a kansu. Manhaja ta yi magana da baki, da Dandanci da Hausa da Barganci da Fulatanci. Madannin tura kuɗi ya zauna wuri ɗaya shekara da shekaru. Kafin kuɗi ya fita, a nuna hoton takardun sefa, jaka biyar ta fito a matsayin takardar 5,000 da ido ya sani, a kuma karanto sunan mai karɓa da adadin da dala. Idan an yi kuskure, hanyar gyara ta kasance a fili, da mutumin da za a iya zuwa wurinsa.

Kafin ku saki aikinku, ku hau babur ku je Arzèkè ko kasuwar Djougou, ku miƙa wa wata inna wayar, ku ce, "Inna, tura wa 'yarki dala ɗari biyu," sannan ku harɗe hannu ku yi shiru. Duk inda ta tsaya ta ɗago ta dube ku, nan ne aikinku yake da saura. Sai da ɗan gari akan ci gari. Allah ya sa albarkar da ke cikin sunan unguwarku ta kai ga hannun da ke riƙe da wayar.