Sufi Tabassum: malamin da ya kai manyan adabi cikin harshen gida

An haifi Sufi Ghulam Mustafa Tabassum a shekarar 1899 a birnin Amritsar na yankin Punjab, zamanin da Ingila ke mulkin ƙasar Indiya. Ya yi karatu mai zurfi a harshen Farisanci a Lahore, sannan ya shiga aikin koyarwa. Ya daɗe a babbar kwalejin gwamnati ta Lahore, har ya zama shugaban sashen Farisanci. Cikin ɗaliban da suka ratsa ta hannunsa akwai Faiz Ahmed Faiz, wanda daga baya ya shahara a waƙar Urdu.

A wancan lokaci, Ingilishi da Urdu ne harsunan ofis da makaranta a Punjab, Farisanci kuma na masana. Punjabi, harshen da uwa ke rarrashin ɗanta da shi, an bar shi a gida da gona da kasuwa. A 1947 aka raba yankin biyu: Amritsar ta faɗa Indiya, Lahore ta faɗa Pakistan. A ɓangaren Pakistan ana rubuta Punjabi da baƙaƙen Larabci, kamar ajaminmu, amma Urdu ne ya zama harshen ƙasa.

A cikin wannan hali ne Tabassum ya yi fassararsa. Ya juya wasu waƙoƙin Mirza Ghalib, wanda ya rasu a 1869, daga Farisanci zuwa Punjabi, kuma mawaƙi Ghulam Ali ya rera ɗaya daga cikinsu har ta game gari. Ya kuma mayar da wani wasan kwaikwayo na Shakespeare zuwa Punjabi. Duk mai cewa harshen ƙauye ba zai ɗauki zance mai nauyi ba, ga amsarsa a rubuce.

Bai tsaya kan manya kaɗai ba. Ya rubuta wa yara waƙoƙin Urdu masu sauƙi da ban dariya, ya ƙirƙiro musu wani gwani mai suna Tot Batot, wanda har yau iyaye a Pakistan ke karanta wa ƴaƴansu. Ya yi aiki da gidan rediyon Pakistan, kuma a yaƙin 1965 mawaƙiya Noor Jehan ta rera waƙoƙinsa. Ya rasu a Lahore a 1978.

Duk da haka, har yanzu yawancin yaran Punjab ta Pakistan suna fara karatu da harshen da ba shi suka sha a nono ba. Fassara mai kyau ta nuna abin da harshe zai iya, amma shigarsa aji sai da littafin karatu, da malamin da aka horar, da iyayen da suka yarda. Mu da aka ɗaga darajar Hausa a ƙasarmu a 2025, waɗannan ukun ne aikin da ke gabanmu.